Ranar da Na Ga Inda Za Su Kai Yaya Rabi

Ƙarshen lokacin zafi ne, 'yan kwanaki bayan Babbar Sallah, a shekarata ta biyu a New York. Shekarar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Duk inda ka zauna zancen kamen marasa takarda ake yi, wai an ɗauke wane a bakin aiki, wai an tare wance a tashar jirgin ƙasa. Rabin labaran ba mu san gaskiyarsu ba, amma sun isa su sa in an ƙwanƙwasa ƙofa mu yi tsit, har tukunyar da ke tafasa sai a sauke ta kada murfinta ya yi ƙara.

Mu biyar ne a ɗakuna biyu a unguwar Mount Hope da ke Bronx, a gidan wata Hajiya Ladi. Dukkanmu aikin kula da tsofaffi muke yi, kuma babu wadda ke aiki da sunanta. Hajiya Ladi ke samo takardun matan da suka koma gida ko suka bar aikin, ta raba mana, ta cire rabonta kafin albashi ya iso hannunmu. Ni Habi, mutuniyar Yauri, uwar yara uku da na baro wa mahaifiyata, a wurin aiki Biyatris nake.

Wadda ta riƙe ni a gidan nan ita ce Yaya Rabi, mutuniyar Maraɗi, ta girme ni sosai. Da silifas na shigo ƙasar nan ana tsakiyar sanyi. Ita ta ba ni takalmanta na ƙanƙara, ta cusa musu tsumma a gaba don sun yi mini yawa. Ita ta riƙa raka ni tashar jirgi har na gane wanda ke hawa da wanda ke gangara. In kewar yara ta taso mini na kasa cin abinci, ba ta cewa in yi haƙuri, sai dai ta dama fura da yogot ɗin kanti ta ajiye kusa da ƙafata ta ci gaba da harkarta. Nata sunan na aro Komfot ne. Takan ce, “Komfot da Biyatris! Wallahi ƙanwata, ganga kawai ta rage mana mu buɗe coci.”

Ana saura kwana kaɗan Sallah ta faɗi a tasha tana dawowa daga aiki. Hawan jini ne. Motar asibiti ta ɗauke ta, kafin labari ya iso mu rai ya yi halinsa. Katin da ke jakarta kuwa na Komfot ne.

Hajiya Ladi ta tara mu a falo ta kulle ƙofa.

“Kada wadda ta kuskura ta taka asibitin nan,” in ji ta. “In kun je za a ce ku wa kuke, ita kuma wace ce. Daga nan an kwance mu duka. Kuna so a sa ku a jirgi da ankwa?”

Na ce, “To Hajiya, suturarta fa?”

“Ke Habi, nan Amurka ce, ba ƙauyenku ba. Gwamnati na da tsibiri guda na musamman da take kai gawar baƙi. Wuri mai tsabta, ga itatuwa, ga iska. Ko ke kika mutu ba za ki samu irinsa a gida ba.”

Na yarda da ita, kuma ga dalilina. Ni 'yar Sarkawa ce, zuriyar masunta, a bakin kogin Kwara na tashi. A wurinmu in ruwa ya kawo gawa, ba a tambayar ɗan wane ne. Wanda ya fara gani shi zai ɗaure ta a kwalekwalensa ya jawo ta gaɓa. In mace ce mata su kewaye ta da zannuwa su wanke ta, maza su sallace ta, a sa ta a makwancinta tana duban alƙibla. Na sha ganin babana ya bar tarunsa a ruwa saboda baƙon da bai taɓa gani da rai ba. Sai na ɗauka in talakawan bakin kogi suna haka, ƙasa mai wannan arziki ai nata ya fi. Na zaci suna da mata masu wanka da limami na gwamnati.

'Yar Yaya Rabi, Aishatu, ta riƙa kirana daga Maraɗi. Tambayarta ɗaya ce kullum.

“Inna Habi, wa ya wanke ta?”

Ina ce mata, “Ana shiri, 'yata. Nan komai da layi ake yi.”

Tsohon da nake kula da shi a lokacin sunansa Mista Jo. Ya haura tamanin, yana tafiya da sanda mai ƙafa huɗu, kunnensa ɗaya ya mutu, saboda haka da ƙarfi yake magana ko da kana gabansa. Wata safiya ya tashi da rigima, wai sai an kai shi garinsu ya ga matarsa. Matar ta daɗe da rasuwa. Na kira 'yarsa a waya ta ce babu komai, a kai shi, kabarin yake nufi, za ta turo direban da ke kai shi ganin likita.

Direban Malam Issaka ne, mutumin Zangon Kumasi, dattijo mai son raha. Hausarsa irin tasu ce, mace da namiji duk “ka” da “ya” ne a bakinsa. Da farko na ɗauka raini ne, daga baya na saba.

“Mma Habi, yau za ka ga ruwa paa, ruwa mai yawa,” in ji shi. “Ka taɓa zuwa City Island?”

Na ce ban taɓa jin sunan ba.

“Nan Bronx ne. Mutane suna shekara ashirin a nan ba su sani ba.”

Ban yarda Bronx ba ne. Mun bar dogayen gidajen bulo da ƙarar jirgi, muka ratsa wani daji kore shar, sai ga gada, sai ga ruwa hagu da dama. Malam Issaka ya sauke gilashi. Warin taɓo da kifi da jiƙaƙƙiyar igiya ya bugi hancina, ban san lokacin da hawaye ya zubo ba. Tunda na zo ƙasar nan ban shaƙi abin da ya yi kama da gida ba sai ranar. A wurinmu irin wannan tudu na tsakiyar ruwa gungu muke ce masa. Na ce a raina, ashe su ma suna da gungu.

Titi ɗaya ne ya ratsa garin tun daga gada har ƙarshe. Gidajen katako ne ƙanana masu fenti, da furanni a ƙofa. In ka leƙa kowane lungu, ruwa ne a ƙarshensa. Jiragen ruwa kuwa farare tas, sandunansu a tsaitsaye kamar karan dawa bayan girbi. Na ce wa Malam Issaka lallai masuntan garin nan sun yi arziki.

Ya yi dariya har da buga sitiyari. “Wane masunta? Na lauyoyi ne da likitoci. Ran Lahadi su zo su zaga ruwa su sha iska su koma.”

“Ba sa kama komai?”

“Sai mura.”

Mista Jo ya ce a tsaya a tsohuwar makarantarsu, wadda aka mayar gidan tarihi. Ba ranar buɗewa ba ce, amma wata tsohuwa mai riƙe da mabuɗi ta san shi, ta rungume shi ta buɗe mana. A nan na fara riƙe baki. Taru ne a rataye a bango, ba a jiƙe ba, ba a yage ba. Filafilin tuƙi an goge shi yana ƙyalli. Ƙugiyoyi da allurar ɗinkin taru, irin wadda babana ke soke wa a hularsa, an jera su cikin gilashi da 'yar takarda a ƙasan kowace. Na kai hannu zan taɓa wata igiya don in ji irin tufkarta, tsohuwar ta ce a'a, a'a, ba a taɓawa. Kayan da muke ci da su yau a Yauri, su a nan sun zama abin kallo, kamar kayan mutanen da suka shuɗe.

Mista Jo ya nuna wani hoto da sandarsa. Samari ne tsirara daga ƙugu zuwa sama, a gindin wani ƙaton jirgi da ba a gama ba. Ya ce na ukun shi ne. Kakansa kawa yake tonowa a ruwan nan, wani abu mai ƙwanso kamar dodon koɗi da suke ci, ubansa kuma da shi jirage suka sassaƙa. Na tambaye shi da guntun Turancina ina sauran. Ya ce ruwa ya lalace, kawa ta ƙare, wuraren sassaƙa sun rufe, yara sun sayar da gidaje. Ya faɗa da ƙarfi kamar yana faɗa da wani, sannan ya ce yunwa yake ji.

A ƙarshen gungun gidajen abinci ne a bakin ruwa, da tebura a waje. Jama'a ta ko'ina, ana kiɗa, ana ɗauko soyayyen jatan lande a kwanon takarda tuli guda. Na ga wani akwatin gilashi da wasu manyan ƙwari masu kama da kunama suna motsi, an ɗaure musu hannuwa da roba. Mutum ya nuna wanda yake so, a cafko shi da ransa a jefa a tafasasshen ruwa. Na kau da kai. Na ce kifi kawai zan ci. Malam Issaka ya ce shi ma kifin a mota aka kawo shi daga kasuwa, ba daga ruwan nan ba. Ban kai loma ta uku ba wani farin tsuntsun teku ya sauko kamar shirwa ya fizge rabin kifin daga hannuna. Mista Jo ya yi dariya har haƙoran robansa suka zamo.

Muna nan zaune wani mutum a gefe ya jawo kifi da sandar kamu, ƙato, ya kai tsawon hannuna. Na ji daɗi har na ce masa barka. Sai ya ciro abin awo ya gwada shi, ya ɗaga shi aka yi masa hoto, ya sumbace shi a ka, ya mayar da shi ruwa.

Na miƙe tsaye. “Malam Issaka, ya sake shi!”

“Bai kai tsawon da doka ya ce ba. Ko ya kai ma, wasu wasa suke.”

Na koma na zauna. Na tuna ranakun da babana ke kwana a ruwa ya dawo da ƙarfasa uku, mahaifiyata ta raba mana mu tara.

Mista Jo matarsa ya bari a ƙarshe. Ya sayi furanni, muka koma baya muka shiga wani lungu har maƙabartar garin. A bakin ruwa take, ciyawa a gyare, kowane kabari da dutsensa. A ajin yaƙi da jahilci na koyi karatu, a hankali nake haɗa baƙi, saboda haka kafin ya gama hira da matarsa na karanta sunaye da dama. Wasu duwatsun an zana musu jirgi, wasu ƙugiyar tsayar da jirgi. Zuciyata ta yi sanyi. Na ce to, in irin wannan ne Hajiya Ladi ke nufi, Yaya Rabi ba ta wulaƙanta ba.

Daga inda nake tsaye ana hango wani gungun a tsallake, ba nisa, mai iyo sosai zai iya kai wa. Ga itatuwa, ga wasu tsofaffin gine-gine da rufinsu ya rufta, da dogon bututun hayaƙi. Wani jirgin fito mai faɗi yana tahowa daga can, ɗauke da babbar mota rufaffiya da wata bas mai waya a tagogi. Na tambayi Mista Jo su wa ke zaune a can.

Ya daina gyara furanni. Ya yi magana mai tsawo, ban kama ba sai kalma ɗaya biyu. Na dubi Malam Issaka. Ya cire hularsa ya mayar.

“Ya ce babu mai rai a can. Wanda ya mutu a birnin nan ba shi da kowa, can ake kai shi. Wancan mota na gawa ne, ya sauke ya dawo. Na cikin bas fursuna ne, su ke binnewa.”

“Fursuna? Su ke wankan?”

“Wane wanka, Mma Habi?”

Mista Jo ya ci gaba, yana gwadawa da hannu. Ba kabari ake haƙa wa mutum ba. Rami ne dogo kamar lambatu, motar haƙa ke tona shi. Akwatunan katako ake jerawa, wani kan wani, hawa uku, mace da namiji, a rubuta suna ko lamba a jiki. Ba a rufe ramin sai ya cika. Ya ce tun yana yaro yake ganin jirgin nan yana kai da kawowa, su kan tsaya da wasa in ya wuce, daga baya suka saba.

Na ce, “Salla fa? Alƙibla fa?”

Malam Issaka bai fassara masa ba. Ya dai dube ni.

Na zauna a ciyawa a tsakanin kaburburan mutane. Ga itatuwa kuwa, ga iska, yadda Hajiya Ladi ta faɗa. Matar da ba ta taɓa yarda ko mu 'yan ɗakinta mu ga gwiwarta ba, ita za a sa a ƙarƙashin wani ƙato da ba ta sani ba, da rigar asibiti, an rubuta Komfot a kanta. Mista Jo ya tsorata, yana ta kiran Biyatris, Biyatris, ko rana ce ta buge ni. Ya ciro alewa daga aljihunsa ya tura mini a hannu.

A mota tsohon ya yi barci tun kafin gada. Ni kuwa abin da aka hana mu faɗa wa kowa, na faɗa wa Malam Issaka duka. Bai katse ni ba. Da na gama ya gangara gefen titi ya tsaya.

“Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun kafin Sallah, kuna zaune?”

“An ce mana gwamnati za ta yi komai.”

“Wannan Hajiya Ladi naku, Allah ya isa. Ai ya san wurin. Duk wanda ya daɗe a nan ya sani.” Sannan ya ce, “Ba sa kai mutum nan da nan. Suna ajiyewa a firji su jira ko wani zai zo. Wataƙila yana nan. Wataƙila kuma motan da muka gani...” Bai ƙarasa ba.

Na ce, “In na je za su kama ni?”

“Ban taɓa ji an kama mai neman gawa ba. Amma ba zan rantse maka ba, shekaran nan ba a rantsuwa. Masallacinmu muna da mutane da suka san hanya, muna da mota, muna da filin binnewa a New Jersey. Abu ɗaya ne ba mu da shi, wanda ya san fuskansa. Dole wani ya tsaya ya ce wannan ba Komfot ba ne.”

Bayan magariba na sami Hajiya Ladi tana cin tuwo gaban talabijin. Ban iya ɗaga murya ba tun ina yarinya, ranar ma ban ɗaga ba. Na durƙusa na ce, “Hajiya, yau na ga tsibirin.”

Hannunta ya tsaya a kwano.

“Na ga motar, na ga masu binnewa. Gobe in Allah ya kai mu zan je in ɗauko Yaya Rabi.”

“Da izinin wa?”

“Ba izini na zo nema ba, Hajiya. Na ga bai kamata ki ji a bakin wani ba.”

Ta ture kwanon. Ta ce wanda ya mutu ya mutu, Allah ya san bayinsa ko a cikin teku suke. Ta ce in tuna yarana uku, wa zai biya musu makaranta in an mayar da ni da leda a hannu. Wannan maganar ta shige ni, don gaskiya ce, kuma tun a mota ita nake juyawa. Ta ce in na fita da wannan niyya in ajiye mata katin Biyatris da mabuɗinta, kada in dawo. Sauran matan suna bakin ƙofar ɗaki, ba wadda ta goya mini baya. Ban ga laifinsu ba. Kowace da bakunan da take ciyarwa.

Washegari da na idar da sallar asuba na ɗaure kayana a jaka ɗaya. Na ajiye katin da mabuɗin a kan talabijin. Ina sa takalmi sai ƙaramarmu, Balki, ta fito a hankali ta danƙa mini sabon sabulu da kwalbar turare, ta koma ciki.

Malam Issaka na jira a ƙasa da limaminsu da wasu mata biyu 'yan Kumasi da ban taɓa gani ba, ɗaya ta rungumo farin yadi a leda. A asibitin liman ne ya yi magana. Matar da ke kan tebur ta daɗe tana duba na'urarta. Sannan ta ɗago ta ce tana nan, amma an riga an sa ta cikin waɗanda za a kwashe. Ta tambaya wa ya san ta. Na ɗaga hannu kamar a aji. Ba ta tambaye ni takarda ba, ta dai ba ni wuri na sa hannu, ta ce in biyo wani ma'aikaci.

Ɗakin a ƙasa yake, da sanyi kamar cikin randa. Ma'aikacin ya jawo wata doguwar durowa ya zuge jakar zuwa ƙirji. Ita ce. Fuskarta ta faɗa, amma ga tsagen Gobir ɗinta a kumatu. Kanta a buɗe yake, furfurarta duk a waje, ga namiji tsaye a kanta. Na ce masa, “Rabi. Sunanta Rabi.” Ya rubuta a hannunsa.

Na warware mayafina na rufe mata kai, na soke gefen a ƙarƙashin haɓarta yadda take ɗaurawa. Sannan na fito tsakar asibitin da ɗankwali kawai, na nemi inda waya ke kamawa, na kira Maraɗi. Aishatu ta ɗauka tun bugun farko.

Na ce, “'Yata, ni ce. Ni zan wanke ta.”